Ƙarar da Ba a Ji a Gidan Gaba

Mu shida ne a gidan ran nan, wata Talata a ƙarshen damina. Ni. Ɗana na fari, mai motar, wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Autata, tana kwance a ɗakina da cikin wata takwas. Mijinta, akawu a sakatariya, da ya ɗauki hutu ya zo ya tsaya a zaure yana juya takardar likita a hannu. Goggonsu, ƙanwar marigayi mijina, wadda ta taso daga Majidaɗi tun da sassafe da kwanon tuwon da ba wanda ya taɓa. Sai makaniki, wani ɗan ƙabilar Mumuye, gajere mai faɗin kafaɗa da ke gyara a bayan kasuwa, wanda ɗana ya ɗauko har ƙofar gidanmu a unguwar Abbare, cikin Jalingo.

Abin da ya tara mu shi ne autata. Ciki biyu ta yi kafin wannan, duka biyun mun binne. Ranar Lahadi ta fara ganin jini, kaɗan-kaɗan, babu ciwo. Litinin muka kai ta asibiti. Likita ya duba, ya fito ya ce mabiyiya ce ta sauko ta tare wa ɗan hanya, in naƙuda ta same ta a haka jini zai ɓalle, kuma aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa. A kai ta Yola kafin Laraba ta wuce, kuma a kwance. Ya rubuta takarda ya ba mijinta. Ban san abin da ke cikin takardar ba, amma na ga fuskar wanda ya rubuta ta.

Motar tasha ba a kwanciya a cikinta, mutum huɗu ake cusawa a mazaunin uku. Abin da muke da shi ita ce tsohuwar akori-kurar ɗana, wadda yake ɗauko masara da doya da ita daga ƙauye. Aka ce za a shimfiɗa katifa a baya, a ɗaura tamfol a sama, a tafi Laraba da asuba.

Shekara shida motar nan tana hannunsa, ban taɓa hawa bayanta ba. Uwar mai mota gidan gaba take zama, ko da kuwa limami ne zai hau baya. Amma ranar Litinin ɗin, da za mu dawo daga asibiti, yarinyar ce a gaba, mijinta yana riƙe da ita, babu wurin na huɗu. Na hau baya na zauna a kan buhunan masara biyar da bai samu ya sauke ba. A nan na ji ƙarar.

Duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur, sai in ji ƙwas a ƙarƙashina, sau ɗaya tak, kamar an sauke taɓarya a turmin da ya tsage. In ya sake takawa, ƙwas kuma. A gangare wata 'yar karkarwa ke biyowa ta cikin buhu har haƙorana. Na yi shekara talatin ina daka da surfe na sayarwa. Turmi kafin ya rabe biyu sai ya yi wata guda yana faɗa, mai kunne ce kawai ba a cika samu ba.

Da muka iso gida na faɗa, ina kallon bango, yadda na saba yi masa magana.

"Akwai abin da ke kuka a cikin motar nan."

"Inna, tsohuwa ce. Ko'ina kuka take."

"A kira mai gyara."

Ba ya sa ni faɗin magana sau uku. Shi ya sa Talata da hantsi makanikin yana kwance a ƙarƙashin motar a kan kwali, ƙafafunsa kaɗai muke gani. Ya kama wannan ya girgiza, ya kama wancan ya girgiza. Can ya fito yana murmushi.

"Mama, salansa ne. Ya saki, yana bugun bodi. Yanzu zan ɗaure shi."

Ya ɗaure da waya, ya ce a zo a gwada. Ɗana ya riga ya sauke masarar, ya share bayan tas saboda katifa. Ya buɗe mini ƙofar gaba ya tsaya.

Na ce, "A baya na ji."

"Jiya dole ce ta sa, Inna. Shiga."

Na shiga. Makaniki ya karɓi tuƙi, ɗana a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Muka zaga unguwa muka dawo. A gidan gaba inji ne ke magana, gilashi yana amsa masa, ba ka jin komai sai su.

"Kin ji wani abu, Mama?"

"A nan ba zan ji ba."

Suka dubi juna. Na ga duban. Irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta ce ta ga maciji a inda aka share ne.

Don ya faranta mini, makanikin ya sa jak ya ɗaga tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, ya juya su da hannu, ya kara kunne. Ya ce boris lafiya lau. Ya duba sifirin, ya buga da guduma, ya ƙara wa wasu notuna ƙarfi. Ya goge hannu da tsumma.

"Motar nan lafiyan shi ƙalau, Mama. Ko Legas ne zai je."

Na shiga ɗaki. Yarinyar tana kwance ta gefen hagu, leɓunanta sun yi fari. Goggonsu ta canza mata zane sau biyu tun safe, ta tura na biyun ƙarƙashin gado don kada in gani. Na jawo shi da ƙafa na gani. Ya fi na jiya.

"Inna, motar ta gyaru?"

"Ana kai."

"Yana motsi fa. Tun ɗazu yake harbi na." Ta kama hannuna ta ɗora. Na ji shi, ɗan dunduniya yana tafiya a ƙarƙashin fata. Na farkon ma haka ya yi ta harbi har ana gobe mu binne shi.

Na zauna a bakin gadon, kuma a nan ne na fara zargin kaina. Mutum biyu da suka san mota sun ce lafiya. Ni ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. Tsoro yana da nasa ƙarar, na sani, ya sha sa ni jin sallama a ƙofar da ba kowa. In ƙarar nan a kaina take, to ni ce nake riƙe da yarinyar a gida tana zubar da jini. In kuma a motar take, na bari aka shimfiɗa ta a kai, wace amsa zan ba ubanta ranar da muka haɗu? Na rufe ido na sake kiran sautin. Ba ta kunne kaɗai ya shigo ba. Ta ƙashin zama ya shigo.

Ina nan goggonsu ta leƙo. Surukina ba ya iya tsayawa gabana, sai ya aiko ta.

"Matar Yaya, mijinta ya ce tunda mota lafiya, me ake jira da gobe? Su yi azahar su kama hanya, kafin duhu sun isa."

Na fito. Har sun ɗauko katifar, ɗana yana kwance igiyar tamfol. Na wuce rumfar da aka jibge masarar, na kama kunnen buhu ɗaya na fara ja. Bai motsa ba. Na sake ja har zanena ya kwance. Duk suka yo kaina.

"Inna, mene ne haka?"

"A mayar da buhunan nan inda suke jiya. Ni ma a mayar da ni inda nake jiya."

Ɗana ya saki igiyar. Ya yi ƙasa da murya don kada makanikin ya ji, amma ya ji.

"So kike a ce na ɗora uwata a bayan mota kamar akuyar sayarwa, gidan gaba a buɗe, na zaga gari da ita? Da wane ido zan shiga tasha gobe?"

Shekara arba'in da haihuwarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ran nan na kalla. Idon ubansa ne, ashe.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙanwarka za ka shimfiɗa a nan. In kunyar tasha ta fi ta, faɗa mini yanzu in sani."

Goggonsu ce ta karɓe, dama ita ba ta iya riƙe bakinta.

"To in nauyi ake nema a bar wahalar da buhu. A ɗora ni. Ni kaɗai na yi uku, in na ci abinci huɗu."

Aka ɗora buhu biyu, aka ɗora ta. Sai da ɗana da makaniki suka haɗu suka tura, tana zagin wanda ya ƙera mota babu matakala. Ni na taka taya na hau da kaina. Makanikin ya nufi ƙofar direba.

Na ce, "Kai ma nan za ka hau."

"Mama, mai gyara shi ne yana tuƙi. A sitiyari ake jin ciwon mota."

"Ka ji a sitiyari ɗazu, me ka ji? Hau."

Ya dubi ɗana, ɗana ya kawar da kai. Ya hau yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Muka bar surukina a bakin ƙofar ɗakin matarsa.

Ɗana ya bi lungu da mu, yana lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai. Na san dalili biyu ne, ɗaya don ƙasusuwana, ɗaya don kada a gan mu. A irin wannan tafiyar ba abin da ya yi kuka. Makanikin ya harɗe hannu yana kallon sama. Na daki rufin gidan gaba da tafin hannu har sau uku, ɗana ya leƙo.

"Ka hau titi. Ka ja ta yadda ka ja ta jiya."

"Ta kasuwa ke nan, Inna."

"Na san hanyar kasuwa."

Muka ratsa gaban kasuwar Jalingo rana tsaka, lokacin da ta fi cika. Wata mai goro da muka yi shekaru muna zama rumfa ɗaya ta miƙe tsaye.

"Lafiya, Inna? Ko an sayar da kujerar gaban ne?"

Goggonsu ta ɗaga mata hannu biyu kamar mai neman ƙuri'a. "Iska muke sha. Ku talakawa ba ku san daɗinta ba."

Ni ban ɗaga kai ba. Na sauka daga kan buhu, na tuɓe takalma, na zauna a kan tsiraran ƙarfe dab da bayan gidan gaba, na shimfiɗa tafukana biyu. Ƙarfen ya sha rana, yana cin fata. Na bar su a nan. Ina cewa a raina, ya Allah, in akwai ta ka fito da ita yanzu, in babu ka kunyata ni ni kaɗai.

Muka wuce masu katako, hanya ta buɗe, ɗana ya ƙara wuta. Da muka kama gangaren da ke sauka gada ya ɗaga ƙafa.

Ƙwas.

Ban san sanda na cafki wuyan hannun makanikin ba. Namijin da ba muharramina ba, a tsakiyar titi. Na fizgo shi ƙasa, na danna tafinsa a inda nawa yake. Ɗana ya sake taka totur a bakin gadar. Ƙwas. Sai karkarwar ta biyo. Na ga dariyar ta bar fuskar mutumin. Ya kwanta rubda ciki ya manna kunne da ƙarfen mai zafi, ya ɗago, ya shiga dukan rufi da hannu biyu.

"Tsaya. Tsaya a inda ƙasa ya daidaita."

Ya dire, ya sa duwatsu gaba da bayan taya, ya ce a cire ta daga giya. Ya shige ƙarƙashi babu ko kwali. Daga sama muna jin abin da yake yi, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, yanzu da hannunsa yake kiran sautin. Ya fito da wani jan gari a tafinsa, kamar dakakken barkono.

Ya ce farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke ɗaukar juyi daga akwatin giya ya kai wa tayoyin baya. A inda take haɗuwa da akwatin akwai wani ɗan ƙarfe mai kai huɗu, shi ne ya cinye, garinsa ke nan. Ɗana ya ce ai ya ga ya girgiza ta da safe. Makanikin ya ce ya girgiza, amma motar ba ta da birkin hannu, a giya aka bar ta a gangaren ƙofar gidanmu, nauyinta duk ya ɗaure farfelar tamau, ko ƙato goma ba za su ji ta yi motsi ba. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Muka lallaɓo gida, tafiyar da mai keke ya wuce mu. Ya kwance farfelar ya jawo ta waje, ya wanke kanta da kananzir. Sai ga tsaga a kunnen da ke riƙe da ɗan ƙarfen, siririya kamar gashi, ta ci fiye da rabi.

Surukina ya manta da surukuta, ya matso har kusa da ni. "Da ta kai mu ina?"

Makanikin ya ce, "Wataƙila Zing. Wataƙila har Yola, Allah ne ya sani. Amma in ya karye ana gudu, kan shi zai faɗi ya soki ƙasa, ya ɗaga bayan mota sama."

Katifar tana jingine da bango a inda suka bar ta. Ba wanda ya dube ta.

Goggonsu ta fara, "Matar Yaya, wannan kunne naki ko na jemage," na ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ban ji daɗin komai ba. Da safe muna da mota mai ciwo. Yanzu ba mu da mota.

Makanikin ya ɗauki farfelar a kafaɗa ya tafi wurin masu kayan gyara. Surukina ya tafi tasha. Na koma ɗaki na zauna ina korar ƙuda daga fuskar yarinyar. Ta ji duk abin da aka yi ta taga, ba ta tambaye ni ba. Zane na uku da ni aka canza.

Bayan la'asar suka dawo kusan tare. Makanikin ya ce ɗan ƙarfen mai kai huɗu akwai shi, amma farfela sukutum babu irinta a garin nan, sai an aika, kwana huɗu ko biyar. Ɗana ya ce a kai wa mai walda ya like tsagar.

Makanikin ya ce, "In masara za ka ɗauka, ni da kaina zan kai walda. Amma mutum biyu a jiki ɗaya, ba da hannuna ba."

Surukina ya ce lokacin wahalar mai ne, rabin motocin tasha suna layi kwana uku, ba mai barin layinsa. Biyu sun yarda da shata da ya ce za mu ba da man da ke tankinmu. Da suka ji mai ciki ce kuma tana jini, suka janye. Ba mai son a cika masa a mota tsakanin shingayen hanya.

Ɗana yana tsugune gaban ƙarfen. Bai ɗago ba ya ce, "To Inna, kin ji ƙarar. Yanzu a ka za mu ɗauke ta?"

Bai taɓa yi mini magana haka ba. Na san ba da ni yake ba.

Goggonsu ta gyara zama. A karon farko ran nan ta yi magana a hankali.

"Ga doguwar mota can a bayan katangarki tana shan rana. Mako biyu ba ta motsa ba, mai ne babu."

Kowa ya san wadda take nufi. Bayan gidanmu akwai wani ma'aikaci, Bajukune daga Wukari, cikin waɗanda suka cika garin da aka ba mu jiha. Shekarar da ya gama gininsa ya juyo da kwatarsa ta gindin katangata. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce zai duba. Ban yi ta biyu ba, na kai shi gaban mai unguwa. Aka sa shi ya haƙe kwatar da hannunsa ranar Lahadi, da kayan cocinsa a jiki, unguwa tana kallo, ni ina tsaye a kansa har ya gama. Matarsa ta aiko mini da shinkafar Kirsimeti a shekarar, na mayar da kwanon yadda ya zo. Shekara huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Motarsa irin mai dogon bayan nan ce, in an kwantar da kujeru mutum yana miƙewa.

Ɗana ya ce, "Ni zan je."

Surukina ya ce shi ya fi dacewa, tunda sakatariya ɗaya suke.

Na ce, "Da wa ya yi faɗa a cikinku?"

Goggonsu ta buɗe baki, na ga karin maganar da ke zuwa, ta wada da durƙuso, don mutumin gajere ne. Ta dubi fuskata ta haɗiye ta.

Surukina ya leƙa gidan maƙwabcin kafin magariba, aka ce maigidan ya tafi ƙauye ta'aziyya a motar haya, sai dai a tare shi da safe. Na sa ɗana ya zuƙe man akori-kurar kaf, ya cika jarka biyu.

Da na idar da sallar asuba na shafa goshin yarinyar, da ɗumi, tana numfashi. Na ɗaura zanen da nake zuwa gaisuwar mutuwa da shi. Na naɗa gammo, na ce da ɗana ya ɗora mini jarka ɗaya. Ya ce zai riƙo mini har ƙofar. Na ce ya tsaya nan da ta biyun sai an kira shi. Man yana kai da komo a kaina, warinsa yana sauko mini a fuska. Na zaga ta bayan katangata, na tsallake kwatar, na tsaya a ƙofarsa na yi sallama. Sai a ta uku aka buɗe.

Shi ne da kansa, da tawul a wuya da asuwaki a baki. Ya dube ni, ya dubi jarkar. Ban sauke ta ba. Na dafa bango na kai gwiwa ɗaya ƙasa, na kai ta biyu.

"Maƙwabci, ni ce. 'Yata ce za ta mutu. Ga mai na kawo, motarka nake roƙo zuwa Yola."

Ya cire asuwakin. Ya daɗe yana tsaye, har na ji wuyana ya fara rawa. Sai ya sa hannu biyu ya sauke jarkar daga kaina ya ajiye gefe. Ya juya cikin gida ya kira matarsa da yarensu, na ji ƙarar makullai.

"Tashi, Mama. Je ki shirya ta."

Na dafa bangon na miƙe. Na koma gida, na wuce ɗana a zaure na ce ya kai ta biyun. Na naɗe katifar da kaina, na ɗaure ta da igiyar tamfol, na fito da ita bakin hanya.